Rajistar 'yan ci-rani na daji da masu dakonsu

27 ga Afrilu, 2024

Shamuwa ta sauka garinmu wannan makon, tun hadari bai yi abin kirki ba, kuma da ita muka buɗe rajistar. Aikin na ƙungiyar nazarin halittu ne a makarantarmu, ni ne malamin da aka ɗora wa kula da ita. Tambayarmu guda ce: dabbar da ke ƙaura, tsuntsu ne ko naman daji, yaya masu cin ta suke juya mata tafiya da masauki? Muna zaune a bakin yayre, filin da kogin Logon ke malalewa a kai kowace shekara, gabas da gandun dajin Waza a arewacin Kamaru. Wuri ne da baƙi ba sa yankewa. Wasu da damina suke zuwa, wasu da kaka, wasu kuma sai rani ya kankama.

Kayan aikinmu madubin hangen nesa guda ɗaya, shi ma na aro, sai babban littafi da wayoyin yara. Doka uku na kafa: ba hawa bishiya, ba taɓa ƙwai, ba jifa. Kowane ɗalibi zai riƙi bishiyun unguwarsu, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ban da wanda aka ba shi labari.

18 ga Mayu

Sheƙuna sun kammala. Abin da ya fara fitowa fili shi ne wurin da aka gina su. Akwai a tsamiyar masallacin Juma'a, akwai a maɗatan bakin kasuwa, akwai a dogon yaro cikin gidajen mutane, har da guda a kan turken kamfanin waya. Mun zaga bayan gonaki, inda bishiyun suka fi girma kuma babu hayaniya, ba mu ga ko ɗaya ba. Wadda ta fi nisa da mutane ita ce ta kan bagaruwar bakin tafki, bayan gidajen ƙarshe.

Na tambayi tsohon da ke gadin makaranta, na ce, "Baba, me ya sa ta bar daji mai shiru ta zo cikin kukan injin niƙa?" Ya ce, "Malam, shirun daji ai ba na lafiya ba ne. Ta san inda ake korar mata guza."

Ta madubi mun ƙare mata kallo da kyau. Baƙa ce mai ƙyalli, cikinta fari fat. A wannan lokaci na ƙwai fatar fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido, gwiwoyinta da yatsunta jajaye. Yara sun yi ta dariya da suka lura tana yi wa ƙafafunta kashi da rana tsaka har su yi fari. Ba ƙazanta ba ce, sanyaya jiki take yi. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, nauyinta bai fi kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, amma duk shekara tana ƙetare tsakiyar Afirka ta yi rani a gabashi da kudancin nahiyar, can wajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke sauka lokacin da tamu ta ɗauke.

8 ga Yuni

Yau muka ga ɓarna ta farko da idonmu. Layya ta matso, kowa na neman abin da zai ba rago. Wani saurayi ya hau maɗacin bakin kasuwa da adda yana saran ganye. Uwar da ke kwance kan ƙwai ta daure, ta daure, da sara ya iso reshen da ke ƙasa da ita sai ta tashi. Ashe hankaki biyu na kan rufin wani shago tun ɗazu. Ɗaya ya sauko ya tsaya a bakin sheƙar, ya karkata kai ya dubi sama, ya soka baki cikin ƙwai ya tashi da shi, kwaiduwa na ɗiga a kan buhunan mai gawayi. Na biyun ya maye gurbinsa. Kafin uwar ta gama zagayenta ta dawo, saura ƙwai ɗaya. Ta daɗe tsaye tana jujjuya shi da baki kafin ta kwanta.

Hankaka ba ya iya ture shamuwa daga kan ƙwanta, ta fi ƙarfinsa. Jira yake wani ya tashe ta. Wata ɗaliba ta ce to wa za mu rubuta a layin mai laifi, hankaka ko mai adda? Muka ƙara layi ɗaya a littafin: abin da ya tashi uwar.

29 ga Yuni

Ruwa ya zauna. Jan baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, sun ɓace ɗungurungum, su da suka cika bakin rijiyoyi wata biyu da suka wuce. Dalilin a ƙasa yake: ƙwayar ciyawar da suke tsinta ta tsiro, babu abin ci, sai su yi kudu inda ruwa ya riga sauka, ciyawa ta fara fidda sabon kai. Za su dawo.

Shirwa kuwa ta ƙaru. Ita ma 'yar ƙaura ce, tana bin damina zuwa arewa. Jiya da yamma bayan ruwa gina ta tashi, sama ta cika da shirwa suna cafkewa da ƙafa suna ci a cikin iska, shamuwa a ƙasa tana tsinta. Na ja hankalin yara kan wannan, don kada su ɗauka duniyar ta rabu gida biyu, masu tafiya da masu tare hanya. Shamuwar nan da muke tausayi, ga fara da tsutsar gona ita ce annoba. Dalilin zuwanta ke nan, kuma dalilin da ya sa manomi ba ya jifan ta.

20 ga Yuli

'Ya'ya sun fito a yawancin sheƙuna, bibbiyu ko uku-uku. Ƙwan kan yi kusan wata guda kafin ya ƙyanƙyashe, sannan 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Dogon lokaci ne ga abin da ba ya iya gudu.

Sheƙar bagaruwar bakin tafki ta zama fanko. Yaron da ke kula da ita ya tarar da shatin farce a jikin itacen da sawun jan wutsiya a laka. Guza ce. A cikin gari ma tana gwadawa, amma matan gida ba sa raga mata saboda ƙwan kajinsu, da ta leƙo za a yi mata ca da taɓarya da karnuka. Kura ma ta san gidan mai babbar sanda.

Wani makiyayi da ke kawo nono kasuwa ya zo da ƙorafin zaki ya kashe masa saniya. Wannan lokacinsa ne. Da damina ruwa na ko'ina, mariya da dari da gwanki sun watsu, ciyawa ta yi tsawo, zaki ba shi da wurin da zai zauna abinci ya zo masa. Sai ya faɗaɗa yawo ya fito daga gandun, ya faɗa wa shanu. Waza fili ne mai murabba'in kilomita 1,700, an keɓe shi tun 1934, ya zama gandun ƙasa a 1968. Zakunansa sun yi ƙaranci ƙwarai: ƙiyasin 2002 ya ba da tsakanin 40 da 60, na 2008 kuma manya 14 zuwa 21 kacal. Da yawansu ramuwar gayya ce ta kai su, mai shanu ya sa guba a mushe. Kenan watsewar namun daji da damina ba su kaɗai ta shafa ba, tana tura mai cin su zuwa inda za a kashe shi.

17 ga Agusta

Laka ta hana fita, sai muka zauna karatu a zauren gidana da waɗanda ba su tafi hutu ba.

Na kawo musu misalin Sarangeti a Tanzaniya, inda wasu manyan namun daji dangin kanki, sama da miliyan ɗaya, ke zagaye tsakaninta da Masai Mara ta Kenya duk shekara. Masana sun lura cewa da yawa daga dabbobin da ke zaune wuri ɗaya a can, zaki da kura ne ke taƙaita yawansu, amma masu ƙaurar ba abin da ke taƙaita su sai ciyawar rani. Zaki kamar mai shago yake, ba ya iya kulle ƙofa ya bi masu saye gari-gari. Yana da yanki da yake karewa, zakanya na da ƙananan 'ya'ya da ba za su iya doguwar tafiya ba. Garke ya zo, a yi wadaƙa 'yan makonni, garke ya wuce, a koma ƙoshi da ƙyar. Yawan zakuna kuwa ba ranar wadata ke yanke shi ba, watannin yunwa ne. Kuraye sun fi dabara, sukan bar 'ya'ya a rami su yi tafiyar kilomita gomomi su ci su dawo, amma su ma suna da iyaka. Ga kuma haihuwa: cikin makonni kaɗan wajen Fabrairu ake haifar maruƙa dubu ɗaruruwa a tare, cikin mai ci ba ya ɗaukar ko kusa.

Wani yaro mai kaifin kai ya ce to ke nan tafiyar ba don ciyawa kawai ake yi ba. Na ce ciyawa da ruwa ke tashin su, amma tafiyar na da riba ta biyu, kuma idan aka tare hanyar da gona ko shinge ko kwalta, dabba ta yi asarar ribar biyu a lokaci guda.

Sai muka dawo kusa da gida, gandun dajin Zakuma a kudu maso gabashin Chadi. A shekarun baya giwayensa kan fita gandun da damina idan ruwa ya mamaye, kuma a wajen ne mafarautan haure ke samun su. Daga sama da 4,000 a 2002 suka koma kusan 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da wurin. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba adadin da aka harbe ba ne. Waɗanda suka tsira sun dunƙule wuri ɗaya, kullum cikin gudu, har aka yi shekaru kusan ba a ganin ɗan giwa a garken. Harsashi bai taɓa waɗannan iyaye ba, tsoro ne ya tsayar da haihuwa. Sai da tsaro ya samu suka koma haihuwa.

21 ga Satumba

Ambaliyar bana ta wuce misali. Garuruwan Yagwa da Maga sun sha, namu gonakin ma da yawa suna ƙarƙashin ruwa, azuzuwanmu biyu mutanen da gidajensu suka rushe ne a ciki. Allah ya mayar da alheri.

Masunta ne suka kawo labarin jan baki sun yi gari a wani kurmin dushe da ruwa ya kewaye. Muka samu mai kwalekwale, na ɗauki manyan ɗalibai da iyayensu suka yarda.

Tun ba mu ga wurin ba muka fara jin sa, wani irin ƙugi da ba ya yankewa, sannan wari. Kowace bishiya ta yi nauyi da sheƙuna na ɗanyar ciyawa, ɗaruruwa a itace guda, ƙaya ta ko'ina. Iyaye na fita ayari-ayari suna dawowa. A kan bishiyun gefe borin tunke sun jeru, wasu sun ci har ba sa son motsi. Mun ga ɗaya ya tura dogon bakinsa cikin sheƙa ya zaro ɗan tsako ya haɗiye, ya matsa ta gaba. Gaggafa biyu na zaune a reshe, shirwa na shawagi, wani maciji ya naɗe a reshen da ke kusa da kan mai tuƙi har sai da ya kauce da gora. Ƙarƙashin itatuwan, duk ɗan da ya faɗo ruwa tarwaɗa ce ke karɓa.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai za su cinye su duka." Na ce ta ɗauki madubi ta duba sheƙa goma a jere ta gaya mini girman 'ya'yan. Duk kusan kai ɗaya. Nan asirin yake. Namiji kan saƙa sheƙa cikin kwana biyu ko uku, mata su zuba ƙwai kusan rana ɗaya, yawanci uku-uku, ƙyanƙyasa ta zo bayan kwana goma, bayan mako biyu 'ya'ya sun bar sheƙa. Duka-duka abin bai fi mako shida ba, kuma baɗi ba lallai su dawo wannan kurmin ba. Kafin masu ci su ji labari su taru, rabin aiki ya wuce. Waɗanda suka zo ɗin ma ciki ɗaya ne da kowa. Sun fi cin na gefe, na tsakiya ba su san ana yi ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ga shamuwa da jan baki a fili ɗaya, kowa da nasa lissafin. Ita ta ɗauki wata uku tana reno, don haka dole ta nemi inuwar mai sanda. Su kuwa ba su nemi kowa ba, sauri da yawa suka dogara a kai.

Dabarar tasu ba ta aiki a kan mutum, don mutum ba a cikinsa yake zubawa ba, a buhu ne. A Chadi mutanen Hajarai na yankin Gera sun shahara da kama su da taru a wurin kwanansu cikin dare marar wata, a fige, a soya, a shanya, a kai kasuwannin Injamena, miliyoyi a shekara. Ni ban ga laifin wannan ba, nama ne, kuma mai masakwa da mai shinkafa sun san abin da tsuntsun nan ke yi musu. Abin da ba na so shi ne feshin guba daga jirgi, domin gaggafa da shirwar da suka ci gawarwakin su ma binsu suke yi.

12 ga Oktoba

Shamuwa ta yi kwanaki tana taruwa a filin ƙwallo, manya da 'ya'yan bana masu dusasshen launi. Ranar Laraba da hantsi, da ƙasa ta ɗauki zafi, suka tashi suna kewayawa suna hawa sama ba tare da kaɗa fiffike ba, suka yi kudu. Mun rufe shafinta. A taƙaice, sheƙunan cikin gidaje da na masallaci sun fi fidda 'ya'ya, na gefen gari da na bishiyun da ake sara su ne suka yi asara.

16 ga Nuwamba

Ruwa ya fara janyewa, baƙin Turai sun iso: ƙananan agwagi garke-garke a cikin kirinjijiya, tsattsewa, da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu. Sun zo da nasu mai dakon. Wani shaho ne mai dogon fiffike da ke yawo ƙasa-ƙasa a kan ciyawar fadama, shi ma daga Turai yake. Mun zuba ido kan wani garke na masu dogayen ƙafafu. Laka mai abinci ta fi yawa a gindin dogayen ciyayi, amma sun fi zama a tsakiyar fili inda suke hango nesa. Duk giftawar shahon sai su tashi gaba ɗaya, su yi zagaye, su sauka. Awa guda muna kallo bai kama ko ɗaya ba, amma ya hana su cin abin kirki. Tsuntsun da ke son ƙetare Sahara a watan Maris kitse yake tarawa, kowane tashi na banza ragi ne a guzurinsa.

An auna irin wannan a gaɓar yammacin Kanada. Bayan Amurka ta hana maganin ƙwari na DDT a 1972, wani shaho mai tsananin gudu da maganin ya kusa ƙararwa ya farfaɗo. Sai aka ga ƙananan tsuntsayen bakin teku sun rage kwanakin da suke yada zango a wuraren da ke da haɗari, suna tashi da ƙarancin ƙiba, domin mai ƙiba ba ya kauce wa shaho da sauri.

A tekun Bahar Rum kuma akwai shahon Eliyonora, wanda ya fi yawa a tsibiran Girka. Sauran tsuntsayen Turai da bazara suke ƙwai, shi sai ya jinkirta har ƙarshen zafi, yadda 'ya'yansa za su fito daidai lokacin da ƙananan tsuntsaye ke kwararowa zuwa Afirka. Ya gama ciyar da su, shi ma ya ɗaura kaya sai Madagaska. Yawancin ƙananan nan da dare suke tafiya. Sanyin iska na cikin dalilai, rashin shaho a sama ma yana ciki.

8 ga Fabrairu, 2025

Yayre ya cika da shanun Fulani da na Shuwa, waɗanda su ma ƙaura ce ta kawo su tun ruwa ya ja baya. Mun kai ziyara wata ruga. Bayan gaisuwa na ce, "Arɗo, na ga ciyawar can ta wajen iyakar gandu ta fi kyau, ga ta shar, me ya hana ku?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ciyawar da za ta ci mini saniya ba kyau gare ta ba." Ya ce kura na biye da su tun daga masaukin damina, tana tsintar maruƙa da ragowar garke da suka makara, shi ya sa ake dawo da shanu tun rana na sama, a kwana da wuta da karnuka. Na tambaye shi nawa ya rasa bana, ya ce kaɗan, amma kiwon dare da ya daina ya fi ci masa rai, don shi ke sa nono.

A hanyar dawowa mun hangi mariya 'yan kaɗan a wani ƙonannen fili da ya fara toho. Sabon tsiro na jan su, ga shi kuma ba abin da zai ɓoye zaki. Tsofaffi sun ce da ba a iya ƙirga su. Dam ɗin Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY ya rage malalar ruwa a yayre, ciyawa mai ɗorewa ta mutu a wurare da yawa, sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwa wata hanya. Idan fadama ta ragu, namun daji kan cunkushe a 'yan tafkunan cikin gandu daga Maris zuwa Mayu, inda zaki ke kwance yana jira, mai tarko ma ya san wurin. Wannan sashen ne rajistarmu ta fi rauni a kai, don daga waje muke hange. Na rubuta wa hukumar gandun takardar neman izinin kai ɗalibai bakin tafki ɗaya tare da masu gadi, idan tsaro ya bari.

Kafin shamuwa ta dawo a Afrilu akwai aiki biyu. Bulama ya yarda a yi shela bayan sallar Juma'a cewa ba saran ganye a bishiyar da ke da sheƙa har 'ya'ya su tashi. Sannan za mu naɗe gindin wasu bishiyun gefen gari da langa-langa mai santsi, mu bar wasu haka nan, mu ga ko guza za ta iya hawa. Maƙerin unguwarmu ya ce zai fasa mana tsofaffin duro kyauta, kuɗin ƙusa kawai za mu kawo.